Na'ura a Ajin Firamare: Abin da Na Gani da Abin da Nake Roƙo

Jawabin da wata malamar aji biyu ta gabatar a taron ƙara wa juna sani na reshe

 

Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi magana a kan amfani da na'urorin zamani wajen koyarwa, sai da na tambaye shi ko lambar wani ya so kira ya kira tawa. Ni ba malamar kwamfuta ba ce. Takardar NCE gare ni a fannin ilimin firamare, shekarata ashirin da ɗaya ina riƙe da alli, goma sha uku daga ciki a aji biyu. Sai ya ce ai dalilin ke nan: an sha jin bakin masu kawo na'ura, yau ana so a ji bakin mai aji. To, abin da zan faɗa ke nan, abin da na gani a ajina, da ɗan abin da na karanta game da waɗanda suka riga mu shiga wannan hanya.

Kun san abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Labari ya iso cewa za a raba kwamfutocin hannu a wasu makarantun ƙaramar hukumarmu a zangon karatu mai zuwa, an kuma nemi reshe ya ba da ra'ayinsa a rubuce kafin ƙarshen wata. Idan muka yi shiru, za a ɗauka mun yarda da duk yadda abin ya zo. Idan muka ce ba ma so, za a ce malamai na gudun ci gaba don kada asirinsu ya tonu. Ina ganin muna da abin faɗa wanda ya fi waɗannan biyun amfani, amma sai mun fara da faɗa wa kanmu gaskiya.

Shekara guda kafin annobar korona, wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu kwamfutocin hannu guda arba'in. An kafa rumfa, an yi jawabai, yara sun yi fareti, an ɗauki hotuna. Aka kai hedimasta da malami ɗaya horon kwana biyu a babban birnin jiha. Bayan baƙi sun watse muka zauna lissafi. Makarantarmu ba ta da wuta, wayar da ta shigo da ita an daɗe da yanke ta. Saboda haka duk ranar da za a yi amfani da na'urorin, sai an zuba su a kwali tun jajibiri an kai wa mai cajin waya a bakin kasuwa, a biya shi kuɗin kowace ɗaya. Daga aljihun wa? Takardar da aka bar mana ba ta ce komai a kan wannan ba.

Ajina a lokacin yara casa'in da huɗu ne, darasi kuma minti talatin da biyar. Ranar da layi ya zo kaina na ajiye agogo a kan tebur. Rabawa da kunnawa da raba faɗa tsakanin yara biyu ko uku da ke jan na'ura ɗaya sun ci minti goma sha huɗu. Tattarawa da ƙirgawa, sai da na ƙirga sau biyu saboda tsoro, suka ci minti takwas. Minti goma sha uku suka rage na karatu. A cikin minti goma sha ukun nan me yaran suka gani? Darasi ne da Turanci, da wata murya wadda ni kaina sai na kasa kunne sosai nake fahimtarta, da hotunan dusar ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yaron da har yanzu yake rikita "ba" da "da" a harshen da aka haife shi a cikinsa, shi aka ajiye wa wannan. Sun yi murna ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma washegari da na tambaye su abin da suka koya, abin da suka fi tunawa shi ne ƙarar da na'urar ke yi idan an taɓa amsar da ba daidai ba.

A mako na uku gilashin guda ɗaya ya fashe. Nan ne muka ji cewa hedimasta ya sa hannu a takarda cewa duk wadda ta ɓace ko ta lalace, shi zai amsa. Daga ranar ya zuba su a kabad ya sa kwaɗo. Ba na zarginsa, wallahi da ni ce da abin da zan yi ke nan, mutum ne mai iyali kuma saura shekara uku ya yi ritaya. Bazara biyu suka yi a cikin kabad ɗin ƙarfe. Da aka buɗe, batiran wasu sun kumbura har sun ɗaga murfin baya. Duk tsawon wannan lokaci, a cikin fom ɗin da ake cikewa kowane zango, makarantarmu tana cikin jerin makarantun da ke koyarwa da kwamfuta.

Na daɗe ina ɗauka wannan rashin sa'armu ce mu kaɗai, har na karanta tarihin wani shiri da ya girmi namu nesa ba kusa ba. A 2005 wani malamin jami'ar MIT ta Amurka mai suna Nicholas Negroponte ya fito da shirin bai wa kowane yaro a ƙasashe matalauta kwamfutar tafi-da-gidanka tasa ta kansa, wadda aka yi ta kira kwamfutar dala ɗari. Launinta kore da fari, an ƙera ta don ta jure ƙura da faɗuwa. Najeriya na cikin ƙasashen farko da aka gwada ta, a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba a ƙauyuka. Daga baya Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawu a makarantu 319 na karkarar Peru, ya fitar da sakamako a 2012. Bayan wata goma sha biyar yaran sun iya sarrafa kwamfuta sosai, an kuma ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da karatun harshe ba a ga wani bambanci tsakaninsu da yaran da ba a ba su ba. Ku lura, waɗannan kowane yaro da tasa, wasu har gida suke tafiya da ita.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da aka yi a yankin Kisumu na ƙasar Kenya, domin su tambayar da suka yi ita ce ainihin tambayar da ke gabanmu: idan kuɗin na'ura kaɗan ne, hannun wa ya kamata a sa ta? Suka kasa makarantu kashi-kashi. A wasu aka bai wa yara na'urar karanta littattafai, a wasu aka bai wa malaman aji kwamfutar hannu, a wasu kuma jami'an da ke zagayawa suna duba koyarwa su kaɗai aka bai wa. Duka makarantun an ba su littattafan takarda da jagoran malami da horo. Karatun yara ya inganta a kashi ukun, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba, alhali kuɗin bai wa kowane yaro na'ura ya ninka na sauran sau da yawa. Da Kenya ta tashi faɗaɗa shirin karatu na Tusome zuwa ƙasa baki ɗaya a 2015, hanyar mai araha ta bi: littafi a hannun kowane yaro, jagora a hannun malami, kwamfutar hannu a hannun jami'in da zai zauna a bayan aji ya kalli darasi, ya saurari karatun yara kaɗan, sannan ya tattauna da malamin. Ko hukumar UNESCO, a rahotonta na 2023 kan fasaha a harkar ilimi, ta ce ingantattun hujjojin da ke nuna amfanin na'ura a aji ba su da yawa, kuma da dama daga cikin waɗanda ake yaɗawa daga wurin masu sayar da kayan suke fitowa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Malama ta ce a jefar da na'ura. Yau ba na shiga aji ba tare da ita ba, sai dai ba ta cikin kabad ba. Wayata ce ta hannu, da wata 'yar lasifika mai caji da na saya a kasuwa, girmanta bai wuce gwangwanin madara ba.

Abin da ya fara jawo ni shi ne sautin baƙaƙe. Mu da muka yi firamare a shekarun 1980, sunan harafi aka koya mana kafin sautinsa, kuma da yawa daga cikinmu haka muka ci gaba da koyarwa. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa, irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, su suka dawo da hankalinmu kan sauti da gaɓa. Amma mai yara casa'in ta san abin da maimaita sauti ke yi wa maƙogwaro. Kafin tashin tara muryata ta dushe, na bayan aji ba sa jin bambancin "k" da "ƙ". Sai na zauna a gida da dare, bayan yara sun yi barci, na naɗi muryata ina furta sautukan da gaɓoɓin mako, da 'yar tazara bayan kowane ɗaya don yara su maimaita. Da safe lasifika na kan tebur tana yi, ni kuma ina zagayawa tsakanin layuka ina kallon bakin yara da yatsunsu a kan littafi. A makon farko na gano yara bakwai da suke motsa baki kawai ba sa furta komai. Shekara da shekaru ina tsaye a gaban allo, irin waɗannan yaran suna wuce ni ban sani ba.

Na biyu, kuma shi ne wanda nake so kowa ya gwada ko da bai gwada sauran ba. A farkon zango nakan kira yara ɗaya bayan ɗaya lokacin tara, biyar ko shida a rana, in ba yaro ɗan gajeren labari ya karanta na minti ɗaya, in naɗa a waya, in rubuta yawan kalmomin da ya karanta daidai. A ƙarshen zango in sake. Aiki ne mai cin lokaci, ba na gama ajin sai na yi kusan mako uku. Amma da shi nake sanin wanda bai san harafi ba, da wanda ya san harafi bai iya haɗawa ba, da wanda yake haɗawa amma a hankali, in kasa su rukuni-rukuni maimakon in yi ta koyar da na gaba su goma sauran suna kallo.

Akwai wata yarinya da ba zan manta ba. A naɗin farko kalma biyu ta karanta, sauran daƙiƙun shiru ne da jan hanci. Wajen ƙarshen zango na biyu mahaifiyarta ta aiko cewa mahaifin ya ce a cire ta ta riƙa ɗaukar talla, tunda shekara biyu ba ta iya komai ba. Na je gidan da yamma. Ban yi dogon bayani ba, na kunna wa uwar naɗin farko, sannan na kunna na makon da ya wuce, inda yarinyar ta karanta kalma ashirin da shida, tana tuntuɓe amma tana tafiya. Uwar ba ta yi boko ba, katin sakamako ba ya gaya mata komai, amma muryar 'yarta ta sani. Ta ce in tura mata a wayar maƙwabciya don maigidan ya ji da kunnensa. Yarinyar tana aji biyar yanzu. Har yau tana talla bayan an tashi, ban ce na gyara duniya ba.

Akwai kuma abin da baki ba ya iya kwatantawa. Waɗanda suka fara aiki tare da ni za su tuna husufin rana na 29 ga Maris, 2006, wanda a garuruwa irin su Gusau da Katsina rana ta rufe ruf da hantsi. Ina sabuwar malama a lokacin, yara suka yi ta tambayata, na zana da'ira uku a allo na yi ta fama, ni da su ba wanda ya gamsu. Bara na riƙe wa wata abokiyar aiki aji biyar, darasin ya faɗo kan wannan. Na sauke bidiyon minti biyu tun a gida, na bi layi-layi ina nuna musu a waya, sannan muka rufe tagogi muka maimaita abin da tocila da ƙwallo da lemo. Gani ya kori ji. Sai dai ku lura, bidiyon minti biyu ne, sauran darasin tocila ce da tambayoyin yara.

Game da abin karantawa, wanda shi ne babban talaucinmu, akwai rumbunan labaran yara na kyauta a intanet, irin su African Storybook, da ke da labarai da Hausa masu hotuna, an kasa su gwargwadon matakin mai karatu. Nakan zaɓi ɗaya, in gyara abin da ke buƙatar gyara, in kwafe shi da babban rubutu a bayan tsohuwar kalanda. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Na fi amfani da shi don kaina, in ga yadda wani ya gabatar da darasin da ke ba ni wuya, musamman kason lissafi. Lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 kuwa, kowa a nan shaida ne cewa abin da ya isa gidajen yaranmu rediyo ne, sai saƙon murya ta WhatsApp ga 'yan tsirarun iyayen da ke da babbar waya. Rediyon ma sai gidan da aka sami babba ya zaunar da yaro.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin ba duka laifin na masu kawo kaya ba ne. Ku buɗe zauren WhatsApp na wannan reshe ku duba rubutunmu. Malaman Hausa ne da kansu suke rubuta "kasa" suna nufin "ƙasa", "baki" suna nufin "baƙi", "kafa" suna nufin "ƙafa". Babba yana gane abin da ake nufi daga jimla. Yaro mai koyon karatu abin da ya gani shi yake furtawa. Na ga takardar jarrabawar aji uku da aka buga a shagon kwamfuta, babu baƙi mai ƙugiya ko ɗaya a cikinta, wata tambayar tana cewa "aiki ya kare", yara suna neman inda karen yake. Gyaran bai kai minti biyu ba: a shiga saitin allon rubutu na waya, a ƙara harshen Hausa, ɓ da ɗ da ƙ za su samu. Idan kuma za a kai bugu shago, a tsaya a karanta kafin a biya. Kuma duk manhajar da za a kawo mana da sunan ta Hausa ce, wannan shi ne abin da za mu fara dubawa.

Haka batun ƙirƙirarriyar basira, wadda tun ƙarshen 2022 ta shigo wayoyinmu. Na san da yawa a nan da ita suke rubuta shirin darasi, kada mu yi wa juna ɓoyo, ni ma na gwada. Na nemi ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji ta tsara mini darasi a kan gaɓoɓin kalma. Cikin daƙiƙa kaɗan ta kawo shi da manufa da matakai da auna fahimta, tsaf, irin wanda mai duba makarantu zai sa wa hannu yana murmushi. Da na karanta a natse sai na ga ta raba "tsuntsu" ta ware "t" daban da "s", ba ta san baƙi ɗaya ba ne mai goyo. Ta kuma kawo wani karin magana da ban taɓa ji ba, na tambayi surukata mai shekara fiye da saba'in, ta ce ita ma yau ta fara ji. Tana rage wahalar rubutu, wannan gaskiya ne, kuma malamin da ke rubuta shirin darussa takwas da hannu a ƙarshen mako ba zan hana shi sauƙi ba. Amma wanda bai san darasin ba, ba zai ga kuskuren ba, kuma yara casa'in za su haddace shi.

Wani abin da muke yi ba da mugun nufi ba shi ne ɗaukar hoton yara da bidiyonsu muna watsawa. Yaro ya yi kuskure mai ban dariya, a ɗauka a tura zaure, kafin dare ya zaga gari. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanadi neman izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, amma tun kafin doka, amana ce aka ba mu. Ni naɗin karatun da nake yi ba ya fita daga wayata sai zuwa ga iyayen yaron, idan shekara ta ƙare in goge.

Sauran magana ita ce wadda ta fi shafar ƙungiya. A jihar Edo, a 2018, shirin EdoBEST ya bai wa malaman firamare kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana a rubuce, mataki-mataki, na'urar kuma tana nuna lokacin da malami ya iso da inda ya tsaya a darasi. Irin wannan tsari ya bazu zuwa wasu jihohi, kuma ba mamaki wanda ke tafe gare mu ya yi kama da shi. Ra'ayina a kansa ya rabu biyu, zan kuma faɗe shi yadda yake. Rubutaccen darasi yana taimakon sabon malami da wanda aka ba darasin da ba fanninsa ba, kuma da ina da shi a shekarata ta farko da yaran wannan shekarar sun fi amfana da ni. Batun zuwa aiki kuma, mu daina kare abin da ba ya karuwa. Duk mun san ajin da malaminsa ba ya zuwa sai ranar biyan albashi ta matso, mun kuma san 'ya'yan wa ke zaune a ciki. Amma na'ura ba ta san cewa rabin ajina ba su gane matakin farko ba, ita dai ta ga ban kai mataki na shida ba cikin minti talatin da biyar. Ba ta san gada ta karye da damina ba, ba ta san batirinta ne ya mutu ba ni ba. Idan za a hukunta malami da abin da ta rubuta ba tare da an ji ta bakinsa ba, to malamai za su koyi gamsar da na'ura, su karanta darasi da gudu su kai ƙarshe, ko yara sun biyo ko ba su biyo ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaba, ga abin da nake roƙo ya shiga takardar da reshe zai aika. A fara da wuta. Kada kwali ɗaya ya sauka a makarantar da ba a kafa mata farantin sola da wurin caji mai kulle ba, domin tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu makarantar da za ta iya ciyar da janareta. A rubuta a fili wanda zai gyara abin da ya lalace da wanda zai biya, a kuma bambanta lalacewar aiki da sakaci, don kada tsoro ya sake mayar da kaya kabad. Kuɗin data kada ya fito daga albashin malami. Horo a yi shi a cikin makaranta, a ajin gaske mai yara casa'in, a kuma dawo a duba bayan wata guda. Idan na'urorin ba su da yawa, a fara da hannun malamai da masu duba koyarwa, kuɗin da ya rage a sayi littattafai. Kafin a ɗora kowane darasi na Hausa, a ba malaman ƙananan azuzuwa na wannan ƙaramar hukuma su duba shi. Idan aka matsa mana sai mun sassauta, zan iya haƙura da wasu daga cikin waɗannan zuwa wani lokaci. Biyu ne ba zan so reshe ya saki ba: wutar, da sharaɗin cewa ba za a taɓa albashin kowa ko matsayinsa bisa rahoton na'ura kaɗai ba.

Na san akwai masu cewa a bar yaran firamare da allo da alli, kwamfuta ta jira su a gaba. Ina fahimtarsu. Sai dai tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, mu kanmu jarrabawar hukumar rajistar malamai a kwamfuta ake zaunar da mu, kuma mun ga abokan aiki masu ilimi da hannunsu ya yi ta rawa a kan linzami. Ɗan mai hali yana taɓa na'ura a gida tun yana rarrafe. Ɗan talakan da ke ajina, idan bai taɓa ta a makaranta ba, ranar jarrabawa zai fara. Don haka ina so yaran aji biyar da shida su riƙa samun lokaci da ita a mako, rukuni-rukuni, bayan sun iya karatu. Na aji ɗaya zuwa uku kuwa, a ba ni littafi ga kowane yaro da fensir tukuna.

Wata malama ta tambaye ni a ƙofa ko abin da nake yi yana buƙatar waya mai tsada. Tawa shekararta huɗu, gilashinta ma a tsage yake. Mun yi magana da sakatare, ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma zan zauna a wannan ɗaki. Duk mai so ya zo da wayarsa a cike da caji, da katin memori idan yana da shi. Za mu sa allon rubutu na Hausa, in tura wa kowa sautukan da na naɗa na zango biyu, mu kuma gwada auna karatun minti ɗaya a kan junanmu kafin mu gwada a kan yara. Ba sai da data ba, waya zuwa waya za mu tura.

Kwamfutocin nan arba'in kuma, sabon hedimastanmu ya ba da izini mun fito da su a hutun da ya wuce. Goma sha ɗaya suna kamawa. Idan akwai wanda ya san amintaccen mai gyara da zai duba sauran a farashin da ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya, don Allah ya same ni bayan an tashi.